MADONNA DA WAƘAR DA WASU SUKA RAINA

'Yan uwana mata, da an ambaci Madonna abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne shigar nan tata ta rashin ta ido. Ni ma ban zo wanke ta ba, don shigar ba ta kwanta mini ba. Amma akwai wani ɓangare na tarihinta da ba a cika faɗa ba, wato irin wuyar da ta sha kafin duniya ta san da zamanta.

An haife ta ran 16 ga Agusta 1958 a garin Bay City da ke jihar Mishigan ta Amurka. Tana 'yar shekara biyar uwarta ta rasu sanadin ciwon daji na mama, a Disambar 1963, ta bar 'ya'ya shida. A 1966 uban ya auri matar da ke yi musu aikin gida. To, kin dai san zaman 'yar marainiya da matar uba, ko a Turai ba ya sauya zani. Jininsu bai haɗu ba.

Rawa ce ta fitar da ita daga gidan, ba waƙa ba. Da rawar ta samu gurbin karatu kyauta a Jami'ar Mishigan, amma a 1978 ta watsar da karatun ta nufi birnin Niyok, kuma a cewarta dala 35 kacal ke hannunta. Can ta yi aikin sayar da wani irin fanke a shagon Dunkin' Donuts, tana koyon rawa a makarantar Alvin Ailey. A 1979 aka tafi da ita Faris cikin 'yan rawar mawaƙi Patrick Hernandez, aka ba ta masauki da alkawura, ta zauna 'yan watanni ta ga zance ya fi aiki yawa, ta tattara ta dawo. Sai ga ta tana buga ganga a wata ƙungiya mai suna Breakfast Club. 'Yar rawa ta koma makaɗiya!

Daga nan ita da Stephen Bray, wanda ta sani tun Mishigan, suka ɗauki waƙoƙinta a kaset. Ta riƙa yawo da kaset ɗin nan a gidajen rawa har ta samu Mark Kamins, mai saka faifai a gidan rawa na Danceteria, ya yarda ya saka, jama'a kuwa suka taka. Shi ya kai ta wurin Seymour Stein, mai kamfanin Sire, wanda lokacin yana kwance asibiti da ciwon zuciya. A bakin gadon asibitin aka ƙulla magana.

Waƙarta ta farko, Everybody, ta fito a Oktobar 1982. Nan ne abin da ya fi tsaya mini a rai: kamfanin bai sa hotonta a bangon faifan ba, sai hoton wata unguwa. Kiɗan irin na baƙaƙen Amurka ne, don haka da yawa suka ɗauka baƙar fata ce, gidajen rediyonsu suka yi ta sakawa. Ki duba fa, mace mai son a gan ta kamar me, amma aka fara cin kasuwa da muryarta an ɓoye fuskar. Waƙar ta kai ta uku a jerin waƙoƙin gidajen rawa, sai dai ba ta leƙa babban jerin nan na waƙoƙi ɗari ba, wanda mujallar Billboard ke fitarwa duk mako. Ta biyu, Burning Up, ita ma haka.

Ana shirin fitar da babban faifanta a 1983 sai aka ga da sauran gurbin waƙa guda, ga kuma saɓani tsakaninta da Reggie Lucas mai haɗa mata kiɗa. John Benitez, da ake wa laƙabi da Jellybean, shi ya kawo wata waƙa da Curtis Hudson da Lisa Stevens suka rubuta. An riga an tallata ta ga Mary Wilson ta ƙungiyar Supremes da kuma Phyllis Hyman, manyan mawaƙa masu murya, kowacce ta ce a kai kasuwa. Madonna, wadda ba wata muryar a zo a gani gare ta ba a lokacin, ta karɓa hannu bibbiyu. Waƙar ita ce Holiday, wato hutu, kuma ba wani zurfin zance a cikinta, kira ne kawai a ajiye damuwa a yi murna yini ɗaya.

Faifan ya fito a Yulin 1983. A watan Oktoba Holiday ta shiga jerin ɗarin nan, ta yi ta hawa a hankali har ta tsaya a ta 16 farkon 1984. A Ingila ta kai ta shida, da aka sake fitar da ita a 1985 ta kai ta biyu.

A Janairun 1984 ta rera waƙar a shirin talabijin na American Bandstand. Mai shirin, Dick Clark, ya tambaye ta burinta, sai ta ce so take ta mulki duniya. Lokacin shekarunta 25, waƙarta ko goman farko ba ta shiga ba a Amurka. Kafin shekarar ta ƙare, Like a Virgin ta hau ta ɗaya, ta yi mako shida a wurin.