Yadda cinikin 'yan ƙwallo ya faro, da rabon Kamaru a cikinsa

Da an rufe gasannin Turai a ƙarshen watan Mayu, sai gardama ta kankama a majalisun Briqueterie. Daga wajen masu gasa nama zuwa shagunan teloli da teburan masu shayi na wannan tsohuwar unguwar Hausawa ta Ekoudou a Yawunde, zancen ɗaya ne har ƙarshen Agusta: wa za a sayar, wa za a saya, nawa aka taya shi, nawa zai riƙa ɗauka a mako. Sai ka ji matashi ya dubi dattijo ya ce, "Baba, wallahi kuɗin nan asara ne, yaron bai kai rabinsu ba." Dattijon ya ce, "Kai dai bari a fara taka leda mu gani." Wani ya ciro waya ya mayar da fam zuwa sefa, ya karanto adadin, kowa ya yi salati.

Kasuwar da ake wa wannan gardama ta haura shekara 130 da kafuwa, kuma akwai ɗan Kamaru cikin mutanen da suka sauya mata fasali.

A Ingila aka fara. A 1885 hukumar ƙwallon ƙasar ta halatta a biya ɗan wasa albashi. Masu ƙungiyoyi suka ga cewa idan an bar 'yan wasa su bi mai tsoka, manyan ƙungiyoyi za su kwashe gwanaye. Don haka a 1893 suka shimfiɗa doka: duk wanda ƙungiya ta yi wa rajista ya zama nata, ko kwantiraginsa ya ƙare ba shi da ikon komawa wata sai da yardarta. Ita kuwa yardar da kuɗi ake samunta, kuma daga nan kuɗin ciniki ya samo asali. A shekarar ne Aston Villa ta biya West Bromwich fam 100 a kan Willie Groves. A 1905 Middlesbrough ta sayi Alf Common daga Sunderland fam 1,000, abin da ya tayar da ƙura sosai a lokacin. Ta fuskar albashi ma an yi wa 'yan wasa takunkumi: daga 1901 ba a yarda kowa ya wuce fam 4 a mako ba. An yi ta ɗaga adadin kaɗan-kaɗan har ya kai fam 20, ya tsaya a nan har Janairun 1961, lokacin da ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Jimmy Hill ta yi barazanar yajin aiki aka soke iyakar. Bayan shekara biyu George Eastham ya yi nasara a kan Newcastle a kotu, alƙali ya ce riƙe ɗan wasa bayan ƙarewar kwantiraginsa tauye masa hanyar neman abinci ne.

Amurka ma ta bi irin wannan hanya a wasan besbol. Tun 1879 ƙungiyoyi ke da ikon riƙe ɗan wasa yadda suka ga dama. A 1969 Curt Flood ya ƙi yarda St. Louis Cardinals ta yi musayarsa zuwa Philadelphia, ya kai ƙara har kotun ƙoli, ya faɗi a 1972, sana'arsa ta mutu. Sai a 1975 aka karya dokar, wasu suka ci moriyar wahalarsa.

Faransa ce ta fi shafar Kamaru. A can, ɗan wasan da ya sa hannu da ƙungiya ya ɗaure kansa har sai ya kai shekara 35, wato har ƙafa ta daina ɗauka. Shugaban ƙungiya ne ke yanka masa albashi, shi ke sayar da shi inda ya so, ko ya ajiye shi a benci idan ya cika baki. Cikin wannan hali Eugène N'Jo Léa, ɗalibi daga Kamaru, ya isa Faransa a 1951 don karatu. Ƙwallo ta fito da shi, Saint-Étienne ta ɗauke shi a 1954, kuma a 1957 yana cikin masu cin ƙwallayen da suka ba ta kofin gasar Faransa na farko a tarihinta, tare da Rachid Mekhloufi ɗan Aljeriya. Daga baya ya buga wa Lyon da Racing ta birnin Paris. Duk wannan lokaci bai saki karatun shari'a ba, kuma karatun ne ya buɗe masa ido ya ga cewa takardar da abokan wasansa ke sa wa hannu ba za ta tsaya a gaban adalci ba. Shi ya kawo shawarar a kafa ƙungiyar ƙwadago ta 'yan ƙwallo. Ya jawo Just Fontaine, wanda ya ci ƙwallo 13 a gasar cin kofin duniya ta 1958, saboda sunansa zai sa a saurare su, da wani masanin shari'a mai suna Jacques Bertrand. A Nuwamban 1961 aka kafa UNFP, Fontaine ya zama shugabanta na farko. Shekara takwas suka yi suna fafutuka kafin a 1969 a amince da kwantiragi mai wa'adi: shekara kaza za ka yi, idan ta cika kai da ƙafarka.

A ganina N'Jo Léa ya cancanci a riƙa ambatonsa a Kamaru kamar yadda ake ambaton Roger Milla. Bayan ya ajiye ƙwallo ya yi aikin diflomasiyya, ya kuma yi ta ƙoƙarin ganin an kafa ƙwallon sana'a a gida, bai samu masu mara masa baya ba. Ya rasu a Duwala a 2006, shekara biyar kafin a kafa hukumar gasar 'yan sana'a da ya daɗe yana kira a kafa.

A shekarun da ake wannan gwagwarmaya a Turai, ƙungiyoyin Kamaru su ne sarakunan Afirka. Oryx ta Duwala ce ta ɗauki kofin zakarun nahiyar na farko a 1965. Canon ta unguwar Nkolndongo ta ɗauke shi sau uku, a 1971 da 1978 da 1980. Tonnerre ta Mvog-Ada, da Roger Milla a gabanta, ta ci kofin masu riƙe da kofuna na farko a 1975. Union ta Duwala ta zama zakara a 1979. Dattawan da suka ga zamanin suna ba da labarin yadda filin wasa na Ahmadou Ahidjo, wanda aka gina don gasar Afirka ta 1972, yake cika maƙil ranar karawar Canon da Tonnerre. A wancan lokaci gardamar ciniki ta gida ce: wane ne zai bar Duwala ya zo Yawunde, wane attajiri ne ya yi wa ɗan wasa alkawarin aiki a ma'aikata ko kamfani. Yawancinsu a takarda ba 'yan sana'a ba ne, da ladan wasa da kyautar masoya da ɗan aikin ofis suke rayuwa.

Daga nan aka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Milla ya zama gwarzon Afirka a 1976, a 1977 ya tafi Valenciennes. Kamaru ta je gasar duniya ta 1982 a Sifaniya ta yi canjaras uku ba a doke ta ba, Espanyol ta riƙe mai tsaron ragar Canon, Thomas N'Kono. Théophile Abega ya bi sahu zuwa Toulouse a 1984. Har baƙi ma ta Yawunde suke bi: George Weah ɗan Laberiya a Tonnerre yake wasa lokacin da Claude Le Roy, kocin Kamaru, ya yi wa Arsène Wenger, kocin Monaco, maganarsa, Monaco ta ɗauke shi a 1988. Bayan shekara bakwai ya zama gwarzon duniya. Da Kamaru ta doke Ajantina da ci ɗaya a wasan buɗe gasar duniya ta 1990, ta kuma kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, sai idon dillalan Turai ya dawo kanta gaba ɗaya.

Abin ya zo daidai da lokacin da aljihun gida ya bushe. An zabge albashin ma'aikatan gwamnati a 1993, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Attajiran da ke ɗauke da ƙungiyoyi suka ja baya, kuɗin Faransa kuwa ya ninka a hannun duk wanda ya samu fita. Rabon wata ƙungiyar Kamaru da ɗaukar kofin nahiya tun 1981, lokacin da Union ta ci na masu riƙe da kofuna. Coton Sport ta Garwa ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun a 2008, Al Ahly ta Masar ta doke ta.

Sai hukuncin Bosman. Jean-Marc Bosman ɗan Beljiyam ne da kwantiraginsa ya ƙare da RFC Liège a 1990. Ya so komawa Dunkerque, cinikin ya watse, ƙungiyarsa ta zabge masa albashi. Ranar 15 ga Disamban 1995 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa wanda wa'adinsa ya cika zai tafi kyauta, kuma ba za a ƙayyade yawan 'yan ƙasashen Tarayyar a ƙungiya ba. Wannan ya juya lissafin duka. Kuɗin da a da ake ba ƙungiya yanzu ana iya zuba shi a albashin ɗan wasa da la'adar wakilinsa. Ƙungiyoyi suka koma ba da dogon kwantiragi, suna kuma sayarwa tun da sauran shekara ɗaya, gudun kada a tashi a tutar babu. Bayan yarjejeniyar Kwatano ta 2000 tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka da wasu, Faransa ta daina lissafa 'yan ƙasashe irin su Kamaru cikin baƙin da aka ƙayyade adadinsu. Daga kakar 2002 kuma aka taƙaita ciniki zuwa lokaci biyu, na hutun ƙarshen kaka da na watan Janairu. Wannan taƙaitawa ce ta haifar da damina ta musamman ta jita-jita, wadda Canal+ da sassan Hausa na rediyo da wayoyin hannu suke kawowa har ƙofar gida.

Samuel Eto'o ne ɗan Kamarun da ya fi kowa cin wannan kasuwa. Daga makarantar ƙwallo ta Kadji ya tafi Real Madrid yana yaro, ya yi suna a Mallorca, Barcelona ta saye shi a 2004. A 2009 aka haɗa shi da tsabar kuɗi yuro miliyan 46 aka ba Inter don a karɓo Zlatan Ibrahimović, shi kuwa ya je ya ci kofi uku a kakarsa ta farko a can. A 2011 Anzhi ta Rasha ta yanka masa kimanin yuro miliyan 20 a shekara, wato sefa biliyan 13, kusan miliyan 36 kowace rana. André Onana ya je Inter kyauta a 2022, bayan shekara ɗaya Manchester United ta biya sama da yuro miliyan 50 a kansa. Vincent Aboubakar, ɗan Coton Sport, ya bi ta Valenciennes da Porto har Al-Nassr, inda ya bar ƙungiyar a Janairun 2023 bayan isowar Cristiano Ronaldo.

To, nawa ne ke dawowa gida daga wannan dukiya? Tun 2001 dokar FIFA ta ce a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin ciniki a raba wa ƙungiyoyin da suka reni ɗan wasa daga shekara 12 zuwa 23, ban da diyyar horarwa. Amma sai ƙungiya tana da rajistar yaron a rubuce, da shekarunsa na gaskiya, da wanda zai bi mata haƙƙinta, sannan za ta ga ko sisi. Ƙananan ƙungiyoyin unguwa da yawa ba su da ko ɗaya. Wasu taurarin kuma ba a gida aka rene su ba: Bryan Mbeumo, wanda United ta saya daga Brentford a 2025, a Faransa aka haife shi, Troyes ce ta horar da shi.

Ɗan wasan gida kuwa yana nan inda N'Jo Léa ya tarar da abokansa, ko ma baya da haka. An kafa hukumar gasar 'yan sana'a a 2011 ƙarƙashin Janar Pierre Semengue, aka yi alkawarin kwantiragi da albashi na wata-wata. Rigimarta da hukumar ƙwallon Kamaru, FECAFOOT, ta kai har kotun wasanni ta Lausanne, gasa ta yi ta tsayawa. Ƙungiyar 'yan wasa ta SYNAFOC, wadda Geremi Njitap ya shugabanta, ta sha fitowa tana kokawa kan watannin da ba a biya ba. Binciken ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, na 2016 ya nuna kashi 41 cikin 100 na 'yan ƙwallon da aka tambaya an taɓa jinkirta musu albashi. Mai tsaron bayan da ke buga gasar Elite One ta gida yana da kuɗin haya da na makarantar yara kamar kowa, idan kuma ya karye a fili sau da yawa danginsa ne ke jinya. Wannan ne ke tura yara hannun dillalan ƙarya, iyaye su sayar da fili ko shanu a kan alkawarin gwaji a Turai, yaro ya ƙare a titi ba takarda. Tsohon ɗan wasan Kamaru Jean-Claude Mbvoumin ya kafa ƙungiyar Foot Solidaire a Faransa saboda irin waɗannan yara. Dokar FIFA ta hana fitar da wanda bai kai shekara 18 ba sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa, don haka duk dillalin da ya zo wa uba da maganar fitar da yaro ɗan shekara 15, a tambaye shi lasisinsa da takardar gayyata daga ƙungiyar, a kuma tabbatar da su kafin a ciro ko dala.

Eto'o ya hau kujerar shugabancin FECAFOOT a Disamban 2021, kuma babu wanda ya fi shi sanin abin da kwantiragi mai kyau ke yi wa ɗan wasa. Ya kamata hukumar ta riƙa bayyana wa jama'a, a ƙarshen kowace kaka, nawa kowace ƙungiya ta samu daga sayar da 'yan wasa waje da kuma watanni nawa ta biya na albashi. Ƙungiyar da ake bi bashin albashi kuwa, a hana ta rajistar sabon ɗan wasa har sai ta biya waɗanda ke hannunta.