Bindigogin Kakanninmu a Gaban Doka

Tun a shekarar 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a babban birnin Beljiyam, suka taƙaita sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani. Shi ya sa galibin abin da kakanninmu suka bar mana bindigar toka ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki.

Mu mazauna birni mukan yi sha'awar ɗauko ta daga gida mu rataye a falo, alhali Dokar Makamai ta 1959 tana nan daram. Bindigar toka sai da iznin Kwamishinan 'Yan Sanda. Ta soja kuwa, ko da ta zamanin yaƙin Bama ce, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Lasisin kuma da sunan mai shi yake fita, ba gona ba ce balle magada su raba.