Maganin Maƙoƙo Da Zubewar Gashi: Kada A Yi Gaggawar Yar Da Ƙwaya

Wata baiwar Allah mai sayar da man gyaɗa ta rubuto mana cewa wata biyu ke nan da likita ya ɗora ta a kan ƙwayar maƙoƙo, sai ga gashinta yana zuba. Wai shin ta daina sha?

To Hajiya, bari mu koma baya kaɗan. A gaban wuyan kowa akwai wata 'yar tsoka mai fitar da sinadarin da ke tafiyar da aikin jiki. In ta gaza, sai kasala, jin sanyi, bushewar fata da zubewar gashi. In aikinta ya yi yawa ma gashi kan zuba. A da can ba a san maganin gazawarta ba.

A shekarar 1891 wani likita a Ingila, George Murray, ya tatsi ruwan wannan tsoka daga tunkiya, ya yi wa wata mata mai shekara 46 allura. Ta samu sauƙi, ta ci gaba da karɓar maganin har ta rasu a 1919, bayan shekara 28. A 1914 Edward Kendall na Amurka ya ware ainihin sinadarin, wato tairoksin, a 1927 kuma masana a Ingila suka iya haɗa shi ba sai an yanka dabba ba. Asalin ƙwayar da ke hannunki ke nan.

Kin ga ashe maganin cike gurbi yake yi. Gaskiya ne wasu gashinsu kan zuba a watannin farko, amma yawanci yakan tsiro idan jiki ya daidaita. In abin ya ci gaba, mai yiwuwa ƙwayar ta yi kaɗan ko ta yi yawa, kuma gwajin jini ne kawai zai nuna. A kuma duba ƙarancin jini, jego, zazzaɓi mai zafi da aka yi kwanan baya, da kitso mai ɗaure kai tamau.

Saboda haka kada ki daina. Ki sha da safe kafin karin kumallo, kada ki haɗa shi lokaci guda da maganin ƙarin jini, sannan ki koma wurin likitanki. Allah Ya ƙara sauƙi, amin.