Dokokin Rubuta Manhaja: Asara Ce Ta Haife Su

Ranar 14 ga Mayu 2025, shugaban hukumar JAMB ta Najeriya, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban manema labarai yana share hawaye. Ya amsa cewa sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabashin ƙasar ya lalace. An yi wa manhajar jarrabawar gyara, amma gyaran bai hau wasu kwamfutocin yadda ya kamata ba. Dole yaran suka sake zama.

Mu da ke nan Kelle a yankin Gure, labarin bai yi mana nisa ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Irin wannan kuskure tsoho ne, kuma shi ya haifi ƙa'idojin da masu rubuta manhaja ke bi a yau.

Tsakanin 1985 da 1987, wata na'urar ƙona cutar daji mai suna Therac-25, ƙirar kamfanin AECL na Kanada, ta zuba wa marasa lafiya shida hasken da ya wuce kima a Amurka da Kanada. Aƙalla uku sun rasu. Na'urar da ta gabace ta tana da makullin ƙarfe da ke hana haka, sai aka cire shi aka dogara ga manhaja kaɗai. Ashe idan ma'aikaci ya yi saurin gyara abin da ya buga, na'urar takan rikice. Akwai kuma wani maƙirgi a cikinta da ke komawa sifili in ya kai 256, a daidai lokacin sai ta tsallake binciken da ke kare mara lafiya.

Ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Turai Ariane 5 ta tashi daga Kuru a Guyana ta Faransa, ta tarwatse cikin daƙiƙa 40 ko ƙasa da haka. An ɗauko manhajar tsohuwar roka Ariane 4 aka ɗora mata ba tare da an gwada ta da tafiyar sabuwar ba. Wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata, wanda iyakarsa 32,767. Kwamfutar ko-ta-kwana ma ta tsaya, don manhaja ɗaya ce a cikinsu.

A 1998 masana'antar motoci ta Ingila ta fitar da kundin MISRA C mai dokoki 127, wanda ya taƙaita amfani da salon rubutun da kwamfutoci biyu za su iya fassarawa daban. A 2006 Gerard Holzmann na hukumar NASA ya taƙaita abin zuwa dokoki goma. Daga ciki: kada wani sashe na manhaja ya wuce shafi guda, wato kamar layi 60, don mutum ya iya karanta shi ya gane, duk umarnin da ke maimaita kansa a sa masa iyaka, duk bayanin da ya shigo a tantance shi kafin a yi aiki da shi, kuma kada a bar gargaɗi ko ɗaya ba a duba shi ba.

Malamin makaranta ba zai ji waɗannan baƙi ba. Mukan ce da ɗalibi ya nuna hanyar da ya bi ya kai ga amsa, kuma a jarrabawar BEPC akwai masu sake bin lissafin maki bayan mai gyara ya gama. Babu wanda ake bari ya duba aikin kansa shi kaɗai.

Yau a Damagaram da Gure ana aika kuɗi ta waya, sunayen ɗalibai da albashin malamai suna shiga kwamfuta. Duk ofishin da zai ba da kwangilar manhaja, ya kamata ya rubuta a takardar yarjejeniya wace ƙa'ida za a bi, wa zai duba aikin ban da wanda ya yi shi, da yadda za a tabbatar kowane gyara ya isa kowace na'ura kafin ranar aiki. Yaron da ya kwana yana karatu da fitilar hannu ba shi da hanyar sanin cewa makinsa a cikin kwamfuta ya ɓace. Alhakinsa yana wuyan wanda ya sa hannu a kwangilar.