Kwat a Ƙasar Katsinar Maraɗi: Tarihin Wata Sutura Baƙuwa

A gidaje da dama na Madarunfa da Maraɗi, in aka buɗe tsohuwar adakar maigida bayan rasuwarsa, akan tarar da manyan riguna a sama, a ƙarƙashinsu kuma wani kwat mai nauyi a ninke, yana ƙamshin kafur. Rigunan nan da nan ake rabawa tsakanin ƴaƴa da ƙanne, domin babbar riga ba ta zaɓen jiki. Kwat kuwa sai a ɗaga shi, a duba kafaɗa, a duba hannu, a ga babu wanda ya yi wa daidai, a mayar da shi adaka. A nan gara da asu ke gamawa da shi. Wannan bambanci na gado shi ne mabuɗin tarihin kwat a ƙasar Hausa.

Asalin suturar daga Ingila ne. A shekarar 1666 Sarki Charles na Biyu ya shigo da ɗabi'ar sa falmaran a ƙarƙashin doguwar riga mai maɓallai, daga nan aka sami tushen kaya uku da ake sawa tare. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 ne gajeren kwat da wando na yadi ɗaya suka zama kayan ma'aikaci da ɗan kasuwa a biranen Turai. Keken ɗinkin Singer, wanda ya fito a 1851, ya sauƙaƙa aikin, ya kuma bi jiragen ruwa har gaɓar Afirka.

A ƙasar Maraɗi ta ƙofa biyu kwat ya shigo. Ƙofa ta farko ita ce ta mulki. Bayan da Nijar ta zama ƙasar mallakar Faransa a 1922, aka kuma mayar da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, kumandan ya bukaci tafinta da magatakarda da malamin lakwal. Da fari kaki da farin yadin auduga suka fi sawa, saboda zafi, ulu kuwa sai ranar biki ko ranar ɗaukar hoto. Ƙofa ta biyu ita ce ta ciniki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar Maraɗi ta riƙa bin hanyar Katsina zuwa can, kamfanoni irin su CFAO da SCOA kuma suka buɗe kantuna inda ake sayar da yadi da zare da maɓallai. Bayan ambaliyar 1945, wadda ta tilasta wa Maraɗi tashi daga fadama zuwa tudu, sabon gari ya cika da kantuna da rumfunan teloli.

Abin lura shi ne, arzikin gyaɗa bai sa attajiran Maraɗi kwat ba. Alhazan da Emmanuel Grégoire ya rubuta tarihinsu a littafinsa na 1986 da babbar riga da rawani ko hula suka nuna wadata. Kwat ya zama alamar ɗan lakwal, wato mai albashi, mai jin Faransanci, wanda darajarsa ta fito daga takarda. Makarantar William Ponty ta Senegal ce ta yaye manyansu: Boubou Hama da Diori Hamani da Djibo Bakary duk can suka yi karatu. Diori, wanda ya koyar da Hausa da Zabarmanci a Paris tun 1938, an zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Faransa a 1946, shekarar da aka soke aikin tilas da dokar indijena. Ga mutanen wannan zamani, sa kwat a gaban Bature wata magana ce ba da baki ba: ga shi an tsaya kafaɗa da kafaɗa. Amma a gida, a gaban Sarkin Katsina ko wajen sallar Idi, wannan kwat ɗin na iya jawo wa mai shi kallon wanda ya bar gida. Shi ya sa malamin lakwal ya kasance mai adaka biyu, ɗaya ta ofis, ɗaya ta gari.

Tela shi ya fi kowa sanin nisan da ke tsakanin adakun nan. Babbar riga daga miƙaƙƙun ƙyallaye ake haɗa ta, kusan ba a zubar da komai, gwaninta kuma tana ga aikin allura da ke ƙirji, aska biyu ko aska takwas. Jiki ne ke shiga cikinta ya ɓuya. Kwat kuwa kwaikwayon jiki yake yi. Sai an auna faɗin kafaɗa da ƙirji da ƙugu da tsawon hannu, a zana da alli, a yanka a lanƙwashe. Tsohon kwat na ƙwarai yana da wani yadi mai tauri a ɓoye tsakanin fuska da shafi, saƙaƙƙe da gashin doki, wanda ake ɗinkawa da hannu da ƙananan ɗinki ɗaruruwa, shi ke sa ƙirji ya tashi, naɗin wuya kuma ya kwanta a hankali maimakon ya karye. Daga baya masana'antu suka koma manna wannan yadi da danƙo, abin da ke kumbura in ya sha wanki da dutsen guga. Mai son gane na gaske sai ya tsunkuli gaban kwat a ƙasan maɓalli: in ya ji yadi uku suna rabuwa a yatsunsa, aikin hannu ne.

Dacewa da jiki ma tana da ƙa'idojinta. Ɗinkin kafaɗa ya ƙare inda ƙashin kafaɗa ya ƙare. Wuyan kwat ya manne da wuyan taguwa ta baya, ba rata. Hannu ya tsaya a wuyan hannu, ya bar bakin taguwa ya leƙo kaɗan. In an ɓalla maɓalli, kada yadi ya ja. Tela na iya rage ƙugu, ya rage tsawon hannu, ya saki wando in an bar yadi a ciki, amma kafaɗa ba ta gyaruwa sai da wahala mai yawa. Dalilin ke nan da ya sa kwat ɗin uba ba ya zama na ɗa.

Kowane zamani kuma ya bar tambarinsa a ɗinki, har mai ido na iya karanta shekarun hoto daga kayan da ke cikinsa. A shekarun 1940 da farkon 1950 an fi yayin kwat mai haɗe gaba da layin maɓallai biyu, da faffaɗan wando mai hawa har cibiya. A shekarun samun ƴancin kai, wato wajajen 1960, naɗin wuya ya tsuke, laktaye ya sirance, yadin Tergal na Faransa kuma ya sami karɓuwa saboda ba ya yamutsewa. Shekarun 1970 suka zo da naɗin wuya mai faɗi da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, na 1980 kuma da kafaɗa mai cusa.

Ƴancin kai ya sa an sake tambayar matsayin wannan sutura a ko'ina cikin Afirka. A Nijeriya, Abubakar Tafawa Ɓalewa da babbar riga ya shiga zaurukan duniya. A Zayar, Mobutu ya haramta kwat da laktaye a farkon shekarun 1970, ya maye su da abakos, yayin da samarin Kinshasa da Barazabil suka mai da kwat ɗin Paris abin ado da bijirewa. A Burkina Faso, Thomas Sankara ya sa ma'aikata saƙin gida. Nijar ba ta kafa irin wannan doka mai tsanani ba. Al'ada da zafin rana ne suka yi aikin. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, kakin soja ya hau kujera, ma'aikata da yawa suka koma ga gajeren hannu marar laktaye, daga Taron Ƙasa na 1991 kuma babbar riga ta mamaye dandalin siyasa.

Abin da ya karya telan kwat shi ne gwanjo, wanda ake kira bosho. Diloli daga Turai da Amurka suka riƙa sauka a Kwatano, su hauro Maraɗi, wasu su ƙetara ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, saboda Nijeriya ta hana shigo da su kai tsaye. Faɗuwar darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ta ninka kuɗin yadin waje, ɗinkakken kwat ya gagari mai albashi. Tela ya koma mai gyaran kwat ɗin wani, kuma ko da ya iya ƙoƙarinsa, kayan aro ba sa rufe katara. Masu yankan kwat da hannu suka tsufa, almajiransu suka koma kaftani da aikin keke, inda kasuwa take.

A yau masu tara tsofaffin kaya a Turai na biyan kuɗi mai yawa domin kwat irin wanda ke ruɓewa a adakun Madarunfa. Darajarsa a nan ta wuce kuɗi. A aljihun ciki akan sami sunan tela ko na kanti, wani lokaci har da takardar albashi ko hoto, kuma duk wannan shaida ce ta yadda kakanni suka yi zama tsakanin lakwal da gari. Ya kamata ƙungiyoyin raya al'adu da malaman makarantu su nemi iyalai su ajiye irin waɗannan kaya, a rubuta sunan mai shi da aikinsa da shekarar ɗinki, a kuma zauna da tsofaffin telolin da suka rage a naɗi bayaninsu tun suna iya riƙe almakashi. Gara ba ta jiran a gama shawara.