Daga Karen Pavlov Zuwa Gundurar Ɗalibi

Lokacin da shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, abin da ake ɗura mana a kwalejojin horon malamai bai wuce karen Pavlov da ɓerayen Skinner ba. Lada da horo, shi ke nan. Masu bulala sun ji daɗin darasin, alhali Skinner kansa bai yarda horo na gyara ɗabi'a ba. Abin da ke ran yaro kuwa, manyan fannin sun daɗe da kau da kai daga gare shi, wai ba ya aunuwa.

Tsoro ne kaɗai ya samu shiga da wuri. A 1952 George Mandler da Seymour Sarason na Jami'ar Yale suka nuna yadda fargabar jarrabawa ke tauye ƙoƙarin ɗalibi. Duk wanda ya taɓa tsaron jarrabawar WAEC ya san yaron da ke fitowa jiƙe da gumi yana cewa komai ya gudu.

A ganina, Bernard Weiner ne ya fi taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. A shekarun 1970 da 1980 ya bi diddigin abin da ɗalibi ke ɗora wa alhakin faɗuwarsa. Wanda ya ce "ban yi karatu ba" ransa zai sosu, amma zai sake ɗaura ɗamara. Wanda ya ce "ni daƙiƙi ne" kunya ce za ta rufe shi, ya saduda. Kuma daga bakin malami yakan fara jin haka. Sandra Graham ta ƙara da abin da ya fi ɗaure mana kai: tausayi ma kan yi ɓarna, don yaro na iya fahimtar cewa an fid da rai da shi.

Littafin Daniel Goleman na 1995 kan motsin rai ya yi tashe, sai dai surutunsa ya fi hujjarsa yawa. Aikin da ya zauna shi ne na Reinhard Pekrun da abokansa a Jamus, waɗanda a 2002 suka lura cewa nazari kan fargabar jarrabawa ya haura dubu, amma gundura da jin daɗin karatu da sa rai kusan ba wanda ya waiwaye su. Zuwa 2006 Pekrun ya rataya lamarin kan tambaya biyu da ɗalibi ke yi wa kansa: zan iya kuwa, kuma me zai amfana mini?

Yanzu muna koyar da wannan. Ɗalibanmu masu zuwa koyon aiki kan dawo su tambaye mu yadda za su lura da fuskar kowane yaro a ajin da ya haura ɗari.