Ciwon Kwatangwalo, Dashen Gaɓar Ƙarfe da Haƙƙin Neman Diyya

Gabatarwa

Kwatangwalo shi ne mahaɗar ƙashin cinya da ƙashin ƙugu, kuma shi ke ɗauke da nauyin jiki wajen tsayuwa da tafiya da aikin gona. Idan ya lalace matuƙa, likitoci kan cire shi ta hanyar tiyata su dasa gaɓar da aka ƙera da ƙarfe, ko roba mai tauri, ko tangaran. Wannan bayani na nufin wayar da kan jama'a game da cututtukan kwatangwalo, da kuma haƙƙin wanda aka dasa wa gaɓa marar inganci.

Cututtukan da aka fi samu

1. Amosanin gaɓɓai: guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan yakan cinye, su riƙa gogar juna. An fi samunsa ga dattawa.
2. Mutuwar kan ƙashin cinya: jini yakan daina isa wurin sai ƙashin ya ruɓushe. Cutar sikila na daga manyan sabubbansa a ƙasarmu, shi ya sa ake ganinsa har ga matasa. Yawan shan maganin sitiroyid ba da izinin likita ba shi ma yana haddasa shi.
3. Karaya da gocewar ƙashi: sakamakon haɗarin mota ko babur, ko faɗuwar tsoho. Karayar wuyan ƙashin cinya ba ta cika haɗewa da ɗori ba, don haka a hanzarta zuwa asibiti a ɗauki hoto.
4. Ƙwayoyin cuta, ciki har da na tarin fuka, kan shiga gaɓar su ɓata ta.

Ana yin aikin dashen a manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala, Kano. Wasu kuma kan tafi Indiya ko Masar. Gaɓa mai inganci takan kai shekara 15 zuwa 20, ko fiye.

Misalin gaɓa marar inganci

A watan Agusta 2010, kamfanin DePuy, reshen Johnson & Johnson na Amurka, ya janye samfurinsa mai suna ASR daga kasuwa, bayan an dasa wa mutum kimanin 93,000 a duniya. Alƙaluman Birtaniya sun nuna cewa kusan mutum 1 cikin 8 sai da aka sake masa tiyata cikin shekara 5. Dalili shi ne ƙarfe na gogar ƙarfe, ɓurɓushinsa na kashe naman da ke kewaye, sinadaran kobalt da kuromiyam kuma na shiga jini.

A 2013 kamfanin ya amince ya biya kimanin dala biliyan 2.5 ga mutum wajen 8,000 a Amurka. A Indiya, inda aka dasa wa mutum kimanin 4,700, gwamnati ta tsara diyya a 2018 daga rufi miliyan 3 zuwa kusan miliyan 12 ga kowane majinyaci. Sai dai ba kowace ƙara ke nasara ba: a 2018 wata babbar kotu a Ingila ta yi watsi da ƙarar mutum fiye da 300 kan wani samfurin kamfanin mai suna Pinnacle, domin ba su tabbatar da aibinsa ba. Ashe diyya na tafiya ne da hujja.

Alamomin matsala bayan dashe

Ciwo mai tsanani a matsematsi ko cinya, kumburi, ƙara ko ƙas-ƙas yayin tafiya, ɗingishi, gajarcewar ƙafa ɗaya, ko zazzaɓi tare da fitar ruwa daga wurin ɗinki. Duk wanda ya ga ɗaya daga ciki ya koma wurin likitan ƙashi ba tare da jinkiri ba.

Abin da doka ta tanada

Akwai bambanci tsakanin aibin gaɓar da sakacin ma'aikaci. Idan aibin na ƙira ne, Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta ɗora alhakin cutarwar a kan wanda ya samar da kayan, kuma ana kai ƙorafi ga hukumar FCCPC ko kotu. Ana sanar da NAFDAC, wadda ke kula da kayan aikin asibiti. Idan kuwa sakacin likita ake zargi, Majalisar Likitoci ta Nijeriya (MDCN) ke ladabtarwa, amma kotu ce ke yanke diyya. Diyyar kan shafi kuɗin magani, tiyata ta biyu, asarar sana'a da wahalar da aka sha.

Matakan da za a bi

1. A nemi likita ya rubuta sunan gaɓar, kamfaninta da lambarta, musamman ga wanda aka yi wa aiki a ƙasar waje.
2. A adana katin asibiti, rasidai, hotunan ƙashi da sakamakon gwajin jini.
3. Idan an sake tiyata, a roƙi a ajiye tsohuwar gaɓar, domin shaida ce.
4. A tuntuɓi lauya da wuri. Shari'a na da wa'adi, kuma na ƙarar jami'in gwamnati na iya zama wata 3 kacal. Marasa hali su nemi shawarar ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a.
5. Kada a sa hannu ko a dangwala a takardar sulhu sai lauya ya karanta ta.

Ana kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su isar da wannan saƙo ga al'ummarsu, musamman iyalan masu sikila da waɗanda aka yi wa dashe.